Wadda Ta Haifi Iliyasu

Ni na riƙe Iliyasu, kowa a Gwaram ya san haka. Ranar da aka yaye shi aka kawo mini shi daga Surko, yana ta tsala ihu, majina har baki. Ƙanwata Turai ce ta haife shi, shi ne ɗanta na fari, ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba. To, a wajenmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne, na dangi ne. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kama sunansa. Na Turai ma ya zo da ƙari, domin sunan uban mijinta aka sa wa yaron. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. In ta rasa yadda za ta yi sai ta ce “na Gwaram”, kowa kuma ya gane wanda take nufi.

Haka ya girma a ɗakina yana kirana Inna. In na kai shi Surko da salla ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu, can kuma ta tashi ta ba shi wuri. Ba wanda ya ga laifinta, ni ma ban gani ba. Yabonta ma ake yi, ana cewa Turai akwai kawaici.

Da ya zama saurayi sai ƙafarsa ta ƙi zama. Da cin rani ya fara, a Jos, daga nan ya bi masu kai shanu kudu, sai kawai muka ji wai ya hau ruwa. A shekarun nan da aka ba mu mulkin kai, samari sun ɗauka duniya ce aka buɗe musu gaba ɗaya. Inda ya tafi ana ce masa Fanya, wani tsibiri ne a cikin teku, gaba da Kalaba, inda ake noman koko. Ni duk ruwan da na sani a duniya shi ne kogin Gwaram, wanda da rani nake tattare zanina in tsallake shi da ƙafa. Saboda haka ban tayar da hankalina ba.

Ana cikin sharar gonaki wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi. Ya ce sunansa Barau, mutumin Sundimina ne, ko gida bai huta ba ya taho. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa, amma ko kallon ƙwaryar bai yi ba.

“Inna, ke ce Safara’u?”

“Ni ce.”

“Daga Fanya nake. Gona ɗaya muke aiki da Iliyasu.”

Ya ce adda ce ta kuɓuce wa Iliyasu ta sare shi a ƙwauri, ciwon ya ƙi warkewa har ya fara wari, aka kwantar da shi a asibiti.

“Likita ya yi iyakar yinsa, Inna,” in ji Barau. “Abin da ya fi ciwon muni, ya daina cin abinci. Ya juya wa bango fuska, ba ya kula kowa. Ba mai jin Hausa a wurin, ni kaɗai nake leƙa shi, ni kuma wa’adina ya cika aka sa ni a jirgi. Sun ce ba za su sallame shi ba sai wani nasa ya je ya karɓe shi, tunda ko tsayuwa ba ya iyawa. In aka bar shi haka, wallahi ba na jin zai ga kaka.”

Ban tsaya kuka ba. Na ɗaura ɗamara, a ranar na kama hanyar Surko.

Mahaifin Iliyasu ya daɗe da rasuwa, ƙaninsa Ƙasimu ne babba a gidan. Shi ya shiga mota ya tafi Kano neman hanyar zuwa Fanya, muna ganin in ya dawo sai dai ya ɗauki jakarsa ya wuce. Ya dawo fuska a murtuke. Muka taru a ƙofar ɗakin Dada, tsohuwarsu, kakar yaron. Turai tana can gefe tana surfe, ta ba mu baya kamar zancen gidan maƙwabta ake yi.

“Fasfo ba wuya, sun ce za a yi,” in ji Ƙasimu. “Amma wai fasfo na fita ne kawai, izinin shiga daban. Tsibirin nan ba shi da mulkin kansa, Turawan Sifaniya ne ke riƙe da shi daga can ƙasarsu. Kuma wai ko mutum ya sami bizar shiga Sifaniyar kanta, ba za ta shigar da shi tsibirin ba, shi nasa izinin daban ne. Lebura mai kwantiragi zai shiga. Ɗan kasuwa mai wanda zai tsaya masa a can zai shiga. In ba haka ba, sai uban majinyaci, ko uwarsa, ko matarsa, su ma da takardar rantsuwa daga alƙalin garinsu.”

“To, ai kai ubansa ne,” in ji Dada.

“Haka na ce musu. Akawun ya ce, ‘Kai ka haife shi?’ Na ce wana ne ya haife shi. Sai ya ajiye alƙalami. Wai a wajen Turawan nan baffa ba kowa ba ne.”

Ka ji fa. Mu nan mun sallami namu Turawan da kiɗa da rawa, ashe wasu na can tsakiyar ruwa a zaune daram, suna tantance wa mutane dangi. Mutumin da zai aurar da kai, ya yi wa ’ya’yanka suna, ya tsaya a kan kabarinka, shi ne wai ba kowa ba.

Ƙasimu ya ce ya yi tunanin ya shiga a matsayin lebura, aka gaya masa in ya dangwala hannu sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya fito, wa zai dawo da marar lafiyar? Barau kuma ya riga ya ce mana akwai masu satar hanya a kwalekwale, amma ko mutum ya tsira daga ruwan da ’yan sandan gaɓa, ba ta nan ake fito da wanda ba ya iya tsayawa ba. Yaron bai yi aure ba. Saura uwa.

Kowa ya juyo ya kalle ni. Ba wanda ya kalli wajen turmi, har da ni kaina.

“Ni zan tafi,” na ce. “In ban je ba wa zai je?”

Muka ɗunguma kotun alƙali a Birnin Kudu, ni da Ƙasimu, Turai ta biyo mu a matsayin ’yar rakiya tana riƙe mini buta. Alƙalin dattijo ne fari tas da furfura, ba ya gaggawar magana. A gefensa akwai magatakarda ɗan boko, shi zai rubuta takardar da Turanci. Ƙasimu ya yi bayani, aka ce in matso.

“Baiwar Allah, ke ce uwar yaron?”

“Ni ce, Allah ya gafarta Malam.”

“Ke kika haife shi?”

“Ni na goya shi. Ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na kai shi makarantar allo, ni na dafa masa kajin kaciya. A je Gwaram a tambayi ko yaron goye wace ce uwar Iliyasu.”

“Duk na yarda,” in ji alƙali, “kuma Allah ya ba ki lada. Amma mutanen nan ba goyo suka tambaya ba, haihuwa suka tambaya. Ki yi alwala, ki dafa Alƙur’ani, ki ce daga cikinki ya fito, yanzu in sa a rubuta.”

Na zo da bakina cike da magana, amma da aka ɗora Littafin a kan buzu sai hannuna ya mutu. Na so yaron nan fiye da raina, Allah shi ne shaida, amma ban iya dafa Alƙur’ani a kan abin da bai faru ba. Na ce, “Ban haife shi ba, Malam.” Tun da nake ban taɓa faɗin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Ƙasimu ya sunkuyar da kai ya ce ai wadda ta haife shi ma tana nan, ga ta can a bakin ƙofa. Aka kira Turai. Ta taso tana jan mayafi har ya rufe mata hanci, ta durƙusa can nesa.

“Baiwar Allah, mene ne yaron nan a wajenki?”

Ta sunkuyar da kai. Alƙali ya sake tambaya a hankali.

“Ɗan Yaya ne,” ta ce, da ƙyar ake jin ta.

“Yaya sunansa?”

“Na Gwaram.”

Masu jiran shari’a suka kwashe da dariya, har magatakarda ya sa hannu ya rufe baki. Ga mata biyu a gaban alƙali a kan ɗa ɗaya, ɗaya na so ta ce nata ne ba hali, ɗaya nata ne ta ce na wata ne. Alƙali dai bai yi dariya ba, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Na san abin da ke damunki,” ya ce wa Turai. “Ni ma ɗan fari ne, har tsohuwata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba. Amma ni ba na sa hannu a kan abin da kunnena bai ji ba. Sai kin faɗa da bakinki cewa ke kika haife shi, kin kuma kama sunansa. Ku je. Ranar da kika shirya, ina nan.”

Muna fita na ja ta gindin wata tsamiya, na sauke mata duk abin da ke cikina. Ban duba masu wucewa ba.

“Ɗanki na can yana ruɓewa a hannun baƙi, ke kina nan kina tattalin kunya! Kunyar za ki dafa masa ya ci? In aka aiko cewa ya mutu, sai ki ɗauki yabon matan Surko ki yi masa likkafani da shi!”

Sai da na faɗa na lura ashe ban taɓa ce mata “ɗanki” ba sai ranar. Ita ma ta lura, domin ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja, amma ba hawaye.

“Yaya, kin ɗauka ban so faɗa ba?” Ta dafa maƙogwaronta. “Nan ya zo ya tsaya. Tun ina yarinya kuka koya mini in danne shi, ke da Innarmu da kowa. Na danne har ya zauna. Yau ɗaya kuma kun ce in ɗaga.”

Gaskiya ta faɗa. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki butar.

“Kada ki koma Gwaram tukuna,” ta ce. “Ki biyo ni Surko. Zan dawo wajen Malam.”

Turai mace ce mai sanyi, in tana magana sai ka matso. Amma duk wanda ya zauna da ita ya san in ta ƙulla abu a ranta, gara ka je ka ture dutsen Birnin Kudu. Washegari da sassafe ta kwance awakinta ta danƙa wa Ƙasimu igiya, ta ce ya kai kasuwa, guzuri ne. Ta wanke tufafinta ta shanya. Sannan ta nufi ɗakin Dada, ta ce in zo in zauna kusa.

Nan ne wuyar take. Iliyasun farko, wanda aka sa wa yaron sunansa, mijin Dada ne. Ita ma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan nan ba, jikan ma “Maigida” take ce masa. Turai ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta, ta gaya mata abin da alƙali ya nema da abin da ta yanke. Tsohuwa tana kaɗi, ta tsayar da mazari.

“A gidan nan ba a taɓa yi ba,” in ji Dada. “Ni na zauna da mai sunan har na rufe masa ido, bai ji shi a bakina ba. Gobe a bakin rijiya a ce matar ɗana ta tsaya gaban maza tana kiran sunan surukinta gatsau, tana tallan haihuwa kamar ita ta fara?”

“Za su faɗa, Dada.”

“To?”

“Ki gafarce ni, ban zo neman izini ba. Na zo ne don kada ki ji a bakin wasu.”

Ban taɓa jin Turai ta mayar wa babba magana ba. Dada ta kawar da kai ta ci gaba da kaɗinta, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa, mu kuma muna durƙushe har ƙafata ta yi tsami. Da muka gaji muka yunƙura za mu tashi, sai ta yi magana ba tare da ta dube mu ba.

“In za ki faɗa, ki ɗaga murya. Kada ki bari su sa ki maimaita.”

Ni dai hankalina bai kwanta ba, na ga yadda ta yi a karon farko. Da muka fita gona tsinko ganyen miya, ba kowa sai mu, na ce ta gwada a nan, bakin ya saba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce ta rufe ido ta ɗauka sunan wani ɗan tallan gishiri ne. Ta ƙi.

“Ba zan zubar da shi a gona ba, Yaya. Inda zai yi amfani zan kai shi.”

Ranar da muka koma, ashe labari ya riga mu isa. Mutanen da ba su da ƙara ba su da shaida sun cika kotu, ’yan talla sun yi cirko-cirko a bakin taga, duk an zo kallon matar da ta ce ɗanta na yayarta ne. Mutanenmu ke nan, a kira su gayyar noma su ce ciwon baya, amma in kunyar wani ce za a gani har da gudu. Na so in fatattake su, Ƙasimu ya ce in rufa masa asiri.

Turai ta yi alwala a waje. Ta shigo, ba ta tsaya nesa ba, ta zo har gaban buzun. Ta sauke mayafin daga fuskarta, abin da ko ni na daɗe ban ga ta yi a gaban maza ba. Ta ɗora hannu a kan Alƙur’ani tun kafin a ce ta ɗora.

“Allah ya gafarta Malam, ni na haife shi. A ɗakin uwata na haife shi, da damina, ana yabanya. Ɗana ne na fari.” Kotu ta yi tsit har ana jin kukan wata akuya a waje. “Sunansa Iliyasu.”

Da ƙarfi ta faɗa, har na bakin taga sun ji. Ba wanda ya yi dariya.

Magatakarda ya duƙufa yana rubutu. Can ya ɗago ya ce akwai wurin da ake son kamannin majinyacin, don a tabbatar shi ne. Na gyara zama, na ce a raina nan kam aikina ne, wadda ba ta taɓa kallonsa ba me za ta ce? Kafin in buɗe baki ta riga ni.

“Dogo ne, baƙi, bahago. Yana da tabon ƙuna a gwiwar hannun dama. Haƙorinsa na sama ɗaya ya ɓalgace a gefe. Akwai tawadar Allah a bayan kunnensa na hagu. In ransa ya ɓaci yana in’ina, kuma in yana jin ciwo ba ya faɗa, sai dai ya yi ta murza babban yatsansa.”

Na saki baki ina kallonta. Tabon nan a murhuna ya same shi, haƙorin a kan jakin maƙwabcinmu ya faɗo, ba wanda ya aika mata da labarin ko ɗaya. Tawadar kuwa ni da nake yi masa wanka sai da na yi tunani kafin na tuna da ita. Ashe duk shekarun nan da take kallon murhu, da wutsiyar ido take ƙare masa kallo. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba, ya soke ni har cikin ciki. Tausayinta kuma ya biyo baya ya fi kishin ƙarfi. Ni na same shi a fili na more shi, ita kuwa a ɓoye take tsintar sa kaɗan-kaɗan.

Alƙali ya sa hannu, ta dangwala yatsa. Ya ce Allah ya kai ta lafiya ya dawo da su tare, sannan ya kira ƙara ta gaba.

Sauran duk jira ne da zirga-zirga. Aka kai ta Kano aka ɗauki hotonta, aka yi mata lamba a dantse, takarda ta tafi ta dawo ta sake tafiya. A Surko kuwa an yi maganar da Dada ta ce za a yi, wasu ma sun daina amsa mata gaisuwa da daɗi. Ko a jikinta. Kullum in Ƙasimu ya dawo daga Birnin Kudu tana bakin zaure tana jiransa, tambayarta ɗaya ce, ta fito? Sai da ruwan farko ya sauka izinin ya fito, da sunanta ita kaɗai. Ƙasimu zai raka ta a jirgin ƙasa har kudu, ya kai ta Kalaba, daga bakin ruwa kuwa sai ita da Allahnta.

Na raka su tashar mota ta Birnin Kudu. Na haɗa mata gari na gero, da tsamiya, da kuka, da daddawa, da yaji, na ƙulle kowanne daban. Ana ɗora kaya a mota ta ja ni gefe, matar da ta tsaya gaban alƙali, ta koma ƙanwata ’yar ƙarama.

“Yaya, me yake so in ba shi da lafiya?”

“Kunun tsamiya. Mai ɗan kauri, kada ki cika tsamiyar. Kuma kada ki lallashe shi, in aka lallashe shi ƙara narkewa yake yi. Tsawa yake ji.”

Ta gyaɗa kai tana maimaitawa a hankali. Sannan ta riƙe mini hannu.

“In na isa me zan ce masa? Ban taɓa yin hira da shi ba. Ke yake tsammani, ba ni ba.”

Direba ya danna ƙaho, na tura ta na ce, “Ke dai je ki, in kin gan shi bakin zai buɗe.” Ta hau ta zauna a kan buhun wani, ta rungume ƙullin garin a cinyarta. Mota ta tashi, ba ta waiwayo ba.

Daminar nan ban san yadda na yi ta ba. Ƙasimu ya dawo ya ce ya ga shigarta jirgin ruwa da idonsa, wai ruwan ba a ganin ƙarshensa, ita kuwa ko gezau, ta miƙa takardunta ta haye. Daga nan shiru. Kogi ya cika ya raba mu da hanya, in na ji masu fito sun kawo baƙo sai in aika a tambayo ko daga kudu yake. Na yi addu’a, na yi faɗa da duk wanda ya ce in yi haƙuri.

Ana yankan gero suka iso. Har Gwaram Turai ta kawo shi kafin ta wuce Surko. Ina tsakar gida ina sheƙa na ji sallama, na ɗago na ga wani dogon mutum ramamme, sanda a hammata ɗaya, ɗaya hannun a kafaɗar Turai. Ƙafar tana nan, amma ta shanye, ba za ta ƙara bin shanu kudu ba. Turai ta yi baƙi ta rame, leɓunanta duk sun tsage. Abin da na yi a lokacin ba sai na faɗa ba, maƙwabta dai sai da suka shigo suna tambayar wa ya mutu.

Da aka natsa, bayan la’asar, Turai ta ɗauki buta ta zaga bayan gida. Na zuba masa tuwo na zauna ina kallon yadda yake ci.

“Inna,” ya ce, “kin san yadda ta same ni?”

“Ina zan sani? Wannan in ba matse ta ka yi ba ai ba ta ba da labari.”

“Ina kwance na ba ƙofa baya. Na riga na sallama, jira kawai nake yi. Sai na ji an ce, ‘Iliyasu.’ Muryar na san ta, tun ina yaro na san ta, amma ban taɓa jin ta da sunana ba. Na ce shi ke nan, na mutu ke nan, a can ne ake jin irin wannan. Na ƙi juyawa, ina tsoron in na juya ba kowa.”

Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

“Sai ta sake kira, wannan karon da tsawa, har na gadon kusa ya zabura. Ta ce, ‘Iliyasu! Juyo ka karɓi kunu. Ban ratso wannan ruwan don in kalli ƙeyarka ba.’”

“Ka sha?”

“Tsamiyar ta yi yawa, Inna, bai kama ƙafar naki ba.” Ya share ido da bayan hannu. “Na shanye tas, na ce ta ƙaro.”